Birki Kafin Totur: Yadda Nake Koya wa Ɗan Ƙanwata Tuƙi a Kumasi

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a ƙofar gida a Aboabo bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta 'yan kame-kame, can dai ya fito da abin da ya kawo shi. "Kawu, na iya mota fa. Lasin kawai ya rage, kuma akwai wanda ya ce in kawo kuɗi da hoto zai fito min da shi." Na ce a ina ka iya? Ya ce a wurin wankin motar da yake aiki, shi ke juya motocin mutane, har ribas yana yi da hannu ɗaya. Na ce madalla. To in kana gudun 50, yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, taku nawa motar za ta ci kafin ta tsaya? Ya yi dariya, ya ce ai da ya taka birki shi ke nan.

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da wannan amsar na fara. Ina ɗan shekara 17 na shiga harkar nan a matsayin yaron mota, abin da nan Gana muke ce wa meti. Shekara biyar ina maƙale a ƙofar Benz 207 tsakanin Kumasi da Tamale, ni ne karɓar kuɗi, ni ne ɗaurin kaya, ni ne mai dirowa da gudu in sa wa taya dutse in mun tsaya a hawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tun ana tuƙi ta hannun hagu ya koyi mota, kafin Gana ta koma hannun dama ranar 4 ga Agustan 1974. A wurinsa na koyi sauraron inji, na koyi canza giya ba tare da mota ta yi tari ba. Amma sai da na shekara 20 a kan sitiyari, wani kamfani da na kama wa aiki ya tura mu kwas na mako guda, sannan na gane rabin abin da nake taƙama da shi sa'a ce kawai Allah ya yi ta ba ni. Tayar da mota a tafi, yaron wanki ma ya iya. Tsayar da ita a inda kake so, a lokacin da kake so, nan aikin yake. Shi ya sa duk wanda aka kawo min, daga birki nake fara masa.

Sai dai a fara gamawa da maganar takarda. Hukumar da ke ba da lasin a ƙasar nan ita ce DVLA, wadda aka kafa a 1999, kuma hanyarta a bayyane take. Ka cika shekara 18. Ka yi rajista da makarantar koyon tuƙi wadda hukumar ta amince da ita, ka ce a nuna maka shaidar hakan kafin ka biya ko kwabo. A gwada idonka, a ba ka takardar ɗan koyo, ka liƙa harafin L gaba da baya, kuma ba ka fita sai da mai lasin zaune a gefenka. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta a kan dokoki da alamomin hanya, sai gwajin tuƙi a titi. Ƙaramar mota rukunin B ce, babur A, manyan motoci kuwa hawa-hawa ake zuwa musu har F.

Shi kuwa wancan mai "kawo kuɗi da hoto", irinsu suna da suna a Gana, goro boys ake ce musu. Abin yana min ciwo yadda aka ɗauki sunan goro, abin da kakanninmu suka tako tun daga Kano da Katsina zuwa Gwanja dominsa, aka liƙa wa 'yan cuwa-cuwa. Ko takardar da zai kawo maka ta gaske ce, me ka saya? Ka sayi izinin yin abin da ba ka iya ba. In kuma ta jabu ce, ranar da ka yi karo, da ita 'yan sandan kula da hanya na MTTD za su fara, kamfanin inshora ya zame jikinsa, a bar ka kai kaɗai da waɗanda ka ji wa rauni. Zuwa da kai ya fi saƙo. Na cika wa yaron kuɗinsa, muka je ya yi rajista.

Tsofaffin abokaina a tasha suna min dariya a kan makarantar nan, wai mu wa ya kai mu? Gaskiya ne hannun wanda ya tashi a tasha ya fi laushi. Amma ni na san shekarun da na yi ina wuce alamomin hanya kamar ado aka kafa su. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi take yi, mai da'ira da jan baki hani ce, shuɗiya mai da'ira umarni. Farin layin da ya miƙe a tsakiyar titi bai yanke ba yana ce maka kada ka tsallake shi don wuce wata mota, kuma ba a banza ake zana shi daidai kwana ko kan tudu ba. Maigida a tasha ba zai koya maka wannan ba, don shi ma ba a koya masa ba.

Ranar Lahadi da sassafe, bayan mun sha koko da ƙosai, na kai yaron wani filin ƙwallo na jar ƙasa a bayan gari, babu yara babu awaki. Kai ma in za ka koya wa wani, nemi irin wannan wuri, ka tafi da galan biyu na roba marasa komai a ciki. Na ja layi da ƙafa, na ajiye galan ɗaya a gefensa. Na ce ya taho da gudun 20, in hancin mota ya zo daidai layin ya taka birki iya ƙarfinsa. Ya taka, ƙura ta tashi, na auna, taku 4. Na ce to yanzu da 40, amma kafin nan ɗauki ɗaya galan ɗin ka ajiye inda kake ganin za ka tsaya. Ya ƙirga taku 8, ya ƙara ɗaya wai na gyara, ya ajiye. Ya taho, ya taka. Motar ta bi ta kan galan, ta ja shi a ƙarƙashinta ƙiii, ba ta tsaya ba sai a taku na 16. Ya fito ya durƙusa, ya jawo galan ɗin duk ya lotse. Na ce, "Wannan ƙanenka ne, an aike shi sayen sikari." Bai yi dariya ba.

Lissafin ke nan: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke nema ninkawa huɗu yake yi. Kuma shi ya san inda zai taka, ƙafarsa a shirye take. A titi ba mai ja maka layi. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta sauka a kan birki, sakan ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, ga mutum mai lafiya wanda ya ƙoshi da barci. A gudun kilomita 50 mota na cin kusan mita 14 kowane sakan. Wato ka tafi mita 14 zuwa 21 ko taɓa birkin ba ka yi ba, sannan shi birkin ya ci nasa wajen mita 14 a busasshiyar kwalta. A gudun 100 kuwa, in ka haɗa biyun, abin ya kusa tsawon filin wasa na Baba Yara daga raga zuwa raga. Duk sanda allura ta hau 100, filin nan nake gani shimfiɗe a gabana, in tambayi kaina ko babu kowa a cikinsa.

Wanda ya ga galan a ƙarƙashin mota ba sai an yi masa dogon bayani a kan dokar gudu ba. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta sa 50 a cikin gari, 30 a kusa da makaranta da kasuwa da asibiti da wurin ibada, 90 a babbar hanya, 100 a motowe da ta tashi daga Ankara, wato Accra a bakinmu na 'yan zango, zuwa Tema. To a zango ina ne ba kusa da masallaci ko makarantar allo ba? Ni a lungunan Aboabo da Asawase ba na wuce giya ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi yana ninkawa huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Ratar 15 kacal, wadda kai da ke zaune a ciki ko a jikinka ba za ka ji ba.

Darasi na biyu a Magazin ta Suame muka yi shi, inda in ka rasa kayan mota ka haƙura. Duk ƙarfin birkinka, abin da ya haɗa ka da ƙasa bai fi tafin hannu huɗu na roba ba. Wani mai tayar gwanjo ya mirgino mana wata, an goge ta tana ƙyalli, ya ce, "Alhaji, wannan daga Jamus ta zo, ko ƙasa ba ta taka sosai ba." Na kama yatsan yaron na ɗora a gefen tayar, inda aka rubuta DOT, muka bi har ƙarshen layin inda lamba huɗu suke: 1214. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 12 a 2014 aka yi ta. Roba tsufa take yi ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta tsattsage daga ciki, ranar da ta sha zafin kwalta da nauyin lodi ta yi bindiga. Ni taya in ta haura shekara shida ba na sa ta a gaba, in ta kai goma ko kyauta ba na karɓa. Ka kuma leƙa cikin ramin zanenta, akwai 'yan ƙananan tudu da aka yi a ciki. In saman taya ya cinye har ya yi daidai da su, zanen ya sauka zuwa milimita 1.6, ta gama aiki. Iska kuwa ba da shuri ake gwada ta ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka ce mai faci ya auna da ma'auni, da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Duban safiya ba ya cin minti biyar. Zagaya motar sau ɗaya, ka leƙa ƙarƙashi, don a unguwanninmu akuya da yaro duk inuwar mota suke so. Buɗe bonet ka duba baƙin mai da ruwa da man birki. Ka zauna ka taka birki ka riƙe. In ƙafarka tana nutsewa a hankali kamar ka taka tuwo, rufe motar ka kira makanike. Man birki in ya riƙa raguwa yoyo yake yi wani wuri, ƙara shi ka tafi ba magani ba ne, balle ruwan sabulun da na taɓa ganin wasu suna ɗurawa wai ya kai su gida. Ka sa wani ya tsaya a baya ya gaya maka ko jar fitila tana kamawa. Takardar lafiyar mota da ke liƙe a gilashi shaida ce ta ranar da aka duba ta, yau kuma rana daban ce.

Yanzu mu hau titi. Babban abin da nake nema a wurin ɗan koyo shi ne tazara. Ka lura da wata alama a gefen hanya, falwaya ko bishiya. In motar gabanka ta wuce ta, ka ce astagfirullah sau uku cikin natsuwa. In ka iso alamar ba ka gama ba, ka matse da yawa, sassauta. Sakan uku ke nan, kuma direba bai taɓa rasa abin neman gafara a kai ba. Yaron ya ce, "Kawu, a Kumasi in ka bar fili wani ne zai shige." Ƙwarai kuwa. Ya shige, ka sake ja da baya. Ko mota goma suka shige maka daga Aboabo zuwa Kejetia, abin da ka yi asara bai kai lokacin cin ƙosai biyu ba. A cunkoso kuma ka tsaya inda kake hango tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa ƙasa, don in ta mutu ko ta zamo baya kana da wurin fita.

Sai ido. Ɗan koyo hancin motarsa yake kallo, kamar mai tsoron kada a sace. Ɗaga kai ka kalli can nesa, ka karanta abin da zai faru tun bai faru ba. Tirotiro, wato ƙaramar bas ɗin haya, da ke gabanka, kada ka jira siginarsa, hannun meti za ka kalla. In ya miƙo ta taga, ko ka hango wani a bakin titi ya ɗaga yatsa, to motar nan tsayawa za ta yi, ko da a tsakiyar hanya ne. In za ka wuce bas da ta tsaya, leƙa ƙarƙashinta ta gaba, ƙafafu za ka fara gani kafin mai su ya ɓullo. Yarinya mai tallan ruwa da ta miƙa leda ta taga, canjinta take bi, ba ta san da kai ba. Masu firagiya da aboboya, keken nan masu ƙafa uku, yawancinsu yara ne da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu komai, juyawa suke yi duk inda fasinja ya nuna. Kafin ka karya kwana madubi kaɗai bai isa ba, waiga da kanka, don akwai wurin da babur ke ɓuya a gefen kafaɗarka madubi bai nuna shi. Babbar mota kuwa, in ba ka hango madubin direbanta ba shi ma bai gan ka ba, kuma kada ka kuskura ka cusa kai tsakanin tirela da bakin kwata in za ta sha kwana.

A shataletale, ko na Suame ko na Santasi ko na filin jirgi, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma ta hagunka zai fito maka. In danja ta ba ka hannu a Anloga Junction, dubi hagu da dama tukuna, akwai mai ƙoƙarin wucewa da ragowar ja.

Ruwan sama ni da jikina na koye shi. Ruwan farko ne na wata shekara, cikin Maris, ina jan Urvan cike da fasinja wajen Oforikrom. Yayyafi ne ma, ko waifa ban kunna sosai ba. Tasi ta tsaya a gabana, na taka birki kamar kullum, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, motar tana tafiya abinta kamar an ɗora ta a kan kuɓewa. Muka daki bayan tasin. Wata dattijuwa da ke kujerar bayana, da kwandon ƙwai a cinya, goshinta ya bugi ƙarfen kujera ya tsage. Har yau ina ganin jini da ƙwai suna gangarowa tare a kan zanenta, tana cewa, "Ɗana, ba komai, tsautsayi ne." Ni na san ba haka ba ne. Watannin rani duk mai da ƙura sun taru a kan kwalta, ruwan farko ya jiƙa su bai wanke ba, ni kuwa na bar tazarar da na saba bari a rani. Tun daga ranar, da an fara yayyafi istigfarina shida ne, in kunna fitila ko da rana tsaka. In ka ji mota tana yawo a kan ruwa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka fizge shi. In motarka mai ABS ce, birkin nan da ke hana taya kullewa, a tsayawar gaggawa taka birki da ƙarfi ka riƙe, karkarwar da za ka ji a ƙafarka aikinsa yake yi. Ruwan da ke gudu a kan titi kuma kada ka shige shi, ba ka san inda kwalta ta ƙare kwata ta fara ba.

Babbar hanya ita ce mai cin mutane da yawa a lokaci guda. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA a 'yan shekarun nan suna nuna sama da mutum 2,000 ke mutuwa a titunan Gana kowace shekara. Wanda ya saba bin Konongo da Nkawkaw zuwa Ankara, ko Offinso da Techiman zuwa arewa, ya san yadda taho-mu-gama take. Kafin ka fita wuce tirela yi wannan lissafin. Kana 90, mai zuwa yana 90, tazarar da ke tsakaninku tana cinyewa mita 50 kowane sakan. Wuce doguwar mota yakan ci sakan 10. Rabin kilomita ke nan kake bukata, fili tas, kana ganinsa da idonka. In kwana ko tudu ya ɓoye maka wani yanki, zauna a bayanta ka sha hayaƙi. In direban tirelar ya yi maka sigina wai ka wuce, ka gode masa, amma idonka ne alƙali. A gangara irin ta dutsen Mampong kuwa, giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Masu sakin giya wai suna tattalin mai, birki kaɗai suka bar wa nauyin motar, shi kuwa in ya yi zafi sai ka ji ƙauri, ka taka ka ji wayam.

Akwai birkin da ba a ƙafa yake ba, wato mutum ya iya tsayar da kansa. A watan Maris na 2019 manyan bas biyu suka yi karo cikin dare a yankin Kintampo, ɗaya ta kama wuta, sama da mutum 50 suka rasu. Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna, kuma a kanta na taɓa buɗe ido na ga ciyawa a gaban fitilata maimakon kwalta, ban san sanda na rufe shi ba. Goro yana bakina a lokacin. Goro da ataya da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari jinkirta barci suke yi, ba sa biyan bashinsa. Tiramol da wasu yara ke haɗiya kuwa, tsoron ma take cirewa, alhali tsoron nan shi ke riƙe da direba. Doka ta ce mai motar haya in ya yi awa 4 yana tuƙi ya huta rabin awa. In ka fara hamma a jere, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, nemi gidan mai ko shingen 'yan sanda ka faka, ka kwanta ko na minti 20 ne. Da dare kada gudunka ya wuce inda fitilarka ta haska. Mai zuwa in ya dalle ka da haske, kada ka rama, makafi biyu za ku zama. Mayar da idonka gefen titi na dama har ya wuce. Haka in hazon hunturu ya sauko, ƙaramar fitila za ka kunna, babbar dawo maka take yi a ido. Da azumi kuma ka ajiye dabino da ruwa a mota. Rabin awar nan kafin magariba kowa a zango yunwa ke tuƙa shi, gara ka sha ruwa a gefen titi.

Matsin mutane ma sai an koyi tsayar da shi. Mai mota yana jiran kuɗinsa na yini, fasinja na baya yana cewa, "Direba, jana'iza za mu, ka taka mana." Ni abin da nake cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, so nake mu je mu yi wa mamaci salla, ba a haɗa da mu ba." Yawanci dariya ake yi, maganar ta mutu. Waya kuwa, kallon sakan biyu a gudun 50 mita 28 ne ka tafi ido rufe. Sa ta a aljihu, mai kira zai sake kira. Bel kuma ɗaura shi kafin ka tayar da inji, ba sai ka hango ɗan sanda ka yafa shi a kafaɗa ba. Ga na kujerar gaba yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Yara a baya suke zama, ba a cinyar uwa a gaba ba, don a karo babu hannun da zai iya riƙe su. Masu ce min ai kwana in ya ƙare ya ƙare, nakan tuna musu abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa mai raƙumi: ɗaure shi, sannan ka yi tawakkali.

In mota ta lalace maka a hanya, tura ta gefe iya yadda za ka iya, kunna fitilun gargaɗi, ka kai alamar nan mai kusurwa uku can baya da nisa, inda mai zuwa zai gan ta da sauran lokacin taka birki, musamman in bayan kwana kake. Fasinjoji su sauka su yi nesa da kwalta. In ka ƙara da ganye yadda muka saba, kwashe abinka in za ka tafi. In haɗari ne, kira 112. Wanda ya ji rauni a wuya ko baya kada a fizgo shi sai in wuta ake tsoro, kuma kada a ɗura masa ruwa. In ka ga taro ya fara zafi har kana tsoron ranka, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka.

Yaron yanzu yana mako na bakwai. Lahadin da ta wuce na ba shi sitiyari daga Aboabo, muka zaga ta shataletalen filin jirgi muka dawo ta Asawase. Wajen wata kwana wani mai firagiya ya yanko mana ba sigina ba komai, na kai ƙafa ina laluben birkin da babu shi a ɓangarena, sai na ga ashe yaron ya riga ya ɗaga ƙafa daga totur tun sanda ya hango wata mata ta ɗaga wa mai keken hannu. Ban ce masa komai ba, kada kansa ya kumbura. Da muka iso gida ya ce, "Kawu, ranar Asabar akwai biki a Ejisu, ko in kai su Mama?" Na ce a'a. Galan biyun nan suna cikin but, jira nake a yi ruwa mu koma filin.